Rabin Waƙar da Baldo Ya Bar Mini

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Edivaldo a Vénissieux, kusa da birnin Lyon. Mutumin Brazil ne, makaɗi, mai tsara waƙar samba, wanda mu 'yan Nijar na unguwa muka gutsure wa suna muka mai da shi Baldo don harshenmu ya huta. Na san akwai masu karatu da za su ce me ya haɗa dattijo ɗan Damagaram, mai furfura har a gira, da tuna makaɗin da ba addininmu ɗaya ba. An riga an faɗa mini haka a ƙofar masallaci, ba sau ɗaya ba. Amsata ba ta canza ba: mutumin nan ya mutu ya bar mini amana, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a duba addinin mai amana kafin a riƙe masa ita ba. Amanar kuwa rabin waƙa ce. Ya zuba mini ita a kunne, ya ce in kai wa mutum ɗaya a Paris. Sai bana na samu na kai ta, kuma abin da ya faru a can ne ya tsaya mini a rai har na zauna rubutun nan.

Bari in fara gaya muku wane ne shi. An haife shi a wata unguwar talakawa da ke manne a jikin dutse a saman birnin Rio. Uwarsa wankau take yi, ubansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Samba kiɗa ne da waƙa da rawa na baƙaƙen fatar ƙasar, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu, kuma a unguwarsu ba a koya wa yaro ita, tashi yake yi ya tarar da ita. Baldo bai da kuɗin ganga yana ƙarami, sai ya koyi kiɗa da akwatin ashana. Har ya mutu, in ka ba shi akwatin ashana da rabin ashanar a ciki, zai fitar maka da kiɗan da zai sa ƙafarka motsi ba da izininka ba.

Kowace unguwa a can tana da ƙungiyarta ta makaɗa, kuma kowace shekara masu tsara waƙa suna gasa don a zaɓi wadda ƙungiya za ta fita da ita a babban bikinsu na karnabal. Wata shekara aka zaɓi tasa. Ya ce mini ranar yana tsakiyar titi, dubban mutane na rera abin da ya ƙirƙira a bakin famfon unguwa, ya buɗe baki shi ma zai yi, ya kasa jin muryar kansa. Wannan labarin ya ba ni shi ya fi a ƙirga, kuma kowane lokaci idonsa sai ya kawo ruwa, sai ya ce hayaƙin taba ne.

Na ce tasa, amma ba tasa shi kaɗai ba ce, kuma a nan maganar take. A al'adar masu samba, sau da yawa mutum biyu ke yin waƙa ɗaya. Ɗaya ya kawo rabin farko, ya miƙa wa abokin aikinsa, shi kuma ya amsa da rabi na biyu, kamar wani ya tada bango wani ya yi rufi. Abokin aikin Baldo tun suna samari shi ne Celestino, mai kaɗa wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da suke kira kabakinyo, kuma gwani wajen kalmomi. Tare suka zo Turai cikin wata ƙungiyar makaɗa. Ƙungiyar ta gama yawonta ta koma gida, su biyu suka maƙale a Paris, suna kiɗa a gidajen shaƙatawa, har suka fitar da faifai biyu. Daga nan Celestino ya yi abin da Baldo bai taɓa yafe masa ba. Ya ba wata mawaƙiya Bafaransa ɗaya daga cikin waƙoƙinsu, ya yarda aka rage mata sauri aka sa mata kalmomin Faransanci, bai tambayi mai rabin farko ba. Baldo a rediyon wani kanti ya ji ta, yana sayen burodi. Ya ajiye burodin, ya tattara kayansa, ya shiga jirgin Lyon. Fiye da shekara ashirin ba su sake gaisawa ba.

Ni kuwa karatun kimiyyar sinadarai ya kawo ni Lyon, na gama na samu aiki a ɗakin gwaji na wata masana'anta a Saint-Fons. Baldo yana can yana tuƙa motar ɗaga kaya. A ɗakin cin abincin ma'aikata muka san juna, don ya lura ina ture naman alade gefe, sai ya riƙa miƙo mini kifinsa yana kwashe nawa. Wata rana da tsakar rana ya fiddo akwatin ashana, ya kaɗa, ya yi wani guntun amo da hanci. Washegari ina wanke kwalaben gwaji sai na ji kaina ina maimaita shi. Yana wucewa ya ji. Ya tsayar da motarsa a tsakiyar hanya, ya sauko, ya kama kafaɗuna biyu yana dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

A nan na gano yadda yake aiki. Baldo ba ya rubuta sabuwar waƙa, ba ya ɗaukar ta a na'ura. Sai ya rera ta ga wanda bai san samba ba, ya bar shi ya je ya kwana. In mutumin ya dawo da ita washegari, waƙa ta rayu. In bai dawo da ita ba, ya jefar da ita, ko da ta yi masa daɗi. Da Faransanci muke magana, nasa mai karkace nawa mai karkace, ya ce mini, “Isuhu, kai ne ma'aunina, don ba ka san komai ba.” Na ji haushi ƙwarai, na ce masa ina da digiri biyu. Ya ce shi ya sa ma kunnena yake fanko, duk wurin ya tafi ga digiri. Haka muka yi shekaru. Ni na kashe masa waƙoƙi da yawa da mantuwata, bai taɓa ƙorafi ba. Waɗanda suka tsira ya koya wa matasan da yake tarawa ranar Asabar a wani zaure a Minguettes, inda yake koyar da ganga kyauta.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna ɗaukar komai a salula, wato wayar hannu, har tuwon da za su ci. Kwanaki babbar cikinsu ta nuna mini wai na'ura tana tsara waƙa da kanta, ka gaya mata abin da kake so, kafin ka ƙifta ido ta amayo maka. Na saurara, babu laifi, sai dai washegari na nemi ko layi ɗaya a kaina na rasa. Na tabbata Baldo ba zai yi dogon faɗa ba. Zai ce a bari a kwana, a ga wanda zai tashi da ita. Amma ban sani ba ko zai iya zama cikin wannan zamani, mutumin da ya gina dukan sana'arsa a kan yarda da kunnen wani. Har a wancan lokacin ma ana yi masa kallon mai taurin kai, kuma gaskiya yana da shi.

Huhu ne ya ci shi. Wasu suka ce iskar kwarin masana'antu ce, wasu suka ce tabar da yake sha tun yana yaro. Allah ne masani. Na je duba shi a asibiti wata ranar la'asar, na same shi da robar iska a hanci, ya rame har zoben hannunsa yana yawo. Ya sa na rufe ƙofa, ya sa na matso da kujera. Ya ce yana da rabin farko na wata samba, amo ne kawai babu kalmomi, kuma bai yi kamarta ba tun barinsa Rio. Ya rera mini ita a hankali, ya sake, ya sake, har na kama. Washegari na koma da ita. Ya saurara ido rufe, ya gyaɗa kai.

Sannan ya ɗora mini sharaɗi biyu. Na farko, in kai ta ga Celestino, shi kaɗai, baki da kunne, don rabi na biyu da kalmomi hakkinsa ne. Na biyu, kada ta shiga na'ura sai ta cika. Na ce masa, “Baldo, ga salula a aljihuna, ka kira mutumin nan ka rera masa da bakinka mana.” Ya kawar da kai wajen taga ya ce, “In na ji muryarsa zan zage shi. Kai ka kai.” Na ɗauki alkawari, ina ganin aikin yini ɗaya ne. Makon bai ƙare ba ya cika.

Bayan jana'iza na shiga jirgi na tafi Paris. Celestino yana zaune a wani tsohon bene a Goutte d'Or, hawa na biyar, babu asansar sai matakala. Ya buɗe ƙofa rabi, dogo, fuska a murtuke. Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wane ne da abin da na kawo. Ya ce, “Yana da rai bai neme ni ba. Yana kwance a asibiti bai neme ni ba. Yanzu ya aiko mini da baƙo?” Na ce ni ɗan aike ne, ya ba ni kunnensa na ɗan lokaci kawai in sauke. Ya turo ƙofa. Zuciya ta ɗebe ni na fara rerawa a nan bakin ƙofar, da ƙarfi, ina cewa ko bai so ba ta shiga. Sai na ji ya ƙure rediyo a ciki. Don takaici na sauko da kayana kamar yadda na hau da su.

Daga nan zaman dakon ya fara. Wanda bai taɓa riƙe abu a ka kaɗai ba, ba zai gane fargabar ba. Kullum da safe a hanyar tashar tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, sai na bi waƙar daga farko zuwa ƙarshe a ƙasan maƙoshi, in tabbatar tana nan. In an yi biki a unguwa aka saki kiɗa, sai in fita waje in laluba ta. Na rubuta wa Celestino, na aika masa mutane, shiru. Ɗaya daga cikin manyan almajiran Baldo na ganga ya roƙe ni in ba shi ya ƙarasa, na hana shi, ya yi fushi da ni har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Matata Hadiza ta gaji da ni. Takan ce, “Malam, don girman Allah ka zuba abin nan a salula ka huta, mu ma mu huta. Mamacin zai taso ya duba ne?” In ce mata shi ba zai duba ba, amma ni na san abin da na ce masa.

Shekarar annoba na kwanta asibiti, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, bayan salati, waƙar na fara nema. Wayam. Na laluba ta kowace kusurwa, babu ko ƙura. Na yi kuka a gadon nan, ma'aikaciyar jinya tana ta rarrashina tana cewa ai na tsallake. Sai bayan an sallame ni, ina alwala wata rana, na ji ta dawo da kanta. Na yi godiya ga Allah, ban tsaya tambayar ko yadda ta tafi haka ta dawo ba. Wa zan tambaya? Babu wanda ya san ta sai ni da wanda ke cikin ƙasa.

A farkon bazarar bana salulata ta yi ƙara. Matar Celestino ce. Ta ce mijinta ya sha fama da shanyewar ɓarin jiki, ya ɗan samu sauƙi, kuma kullum yana tambaya ko ɗan Nijar ɗin nan yana da rai. In yana da rai, ya zo da saƙon.

Ban taɓa yin tafiya mai wuya kamar wannan ba, alhali jirgin Lyon zuwa Paris bai kai a gaji ba. Na tsufa, na yi retret na bar aiki, sunayen jikokina ma sai na bi su ɗaya-ɗaya kafin in kai ga wanda nake nema. A cikin jirgi wani saurayi ya zauna kusa da ni, kiɗa yana tsiyaya daga abin kunnensa, bugu ɗaya tak yana maimaituwa. Na ji yana neman ture mini tawa. Na tashi na koma tsakanin taragu na tsaya da sandata har muka iso. A Goutte d'Or na biya ta butik ɗin Alhaji Sani, ɗan Maradi mai sayar da atamfa, don in ajiye jaka. Ga waƙar Hausa tana tashi a butik, ga Alhaji da doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina Hajiya, ina mutanen Lyon. Na amsa biyu na ce, “Alhaji, ka yi mini afuwa, ina ɗauke da kaya.” Ya dubi hannuwana ya ga babu komai, ya dube ni da tausayi.

Celestino yana zaune a kujera kusa da taga, hannun hagu a kwance a cinya, kabakinyonsa a rataye a bango. Dogon mutumin nan ya koma ɗan tsurut. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya nuna mini kujera ya ce, “Ina ji.”

Na yi bisimilla a zuci na fara. Na kai ƙarshe. Ya ce in sake. Na sake, yana bugun gwiwa da hannunsa mai lafiya, sai na ga hannun yana tuntuɓe, ya tsaya, ya sake gwadawa, ya tsaya.

Ya ce, “Wannan ba samba ba ce.”

Na ce haka Baldo ya ba ni. Ya girgiza kai. Ya ce a samba nauyin kiɗa a taku na biyu yake sauka, murya kuma tana ɗan riga ganga shiga, kamar mai tsallake kwata. Tawa kuwa nauyinta duk ya koma taku na farko, ta miƙe sambal, kuma ƙananan lanƙwasar murya da ya san Baldo ba ya waƙa sai da su, babu ko ɗaya. Ya ce, “Tana da daɗi. Amma waƙar ƙasarku ce.” Yana faɗa na ji ta da kunnen baƙo a karo na farko, na kuwa gane ta. Zubin waƙar da mata ke yi a bakin turmi a gidanmu na Damagaram ne. Shekara goma sha ɗaya ina goga ta da harshen Bahaushe kullum safiya, ina ganin tsare ta nake yi, ashe cinye ta nake yi kaɗan-kaɗan.

Na harzuƙa. Na ce masa abubuwan da ba zan sa a jarida ba. Matarsa ta leƙo daga kicin ta koma. Shi kuwa ya bar ni na gama. Can ya ce in sake yi masa sau ɗaya, a hankali. Na fara. Ina tsakiyar layi na uku ya ɗaga hannu.

“Me ya sa kake tsayawa a nan?”

Na ce a nan Baldo yake tsayawa.

Ya ce babu mai tsara samba da zai yanke layi a wannan wuri, ko ɗan koyo ba zai yi ba, balle Baldo, wanda yake iya jan layi biyu da numfashi ɗaya tun suna samari. Ya dube ni ya ce, “Numfashinsa ne ya ƙare a nan. Haka ya koma?” Na ce haka ya koma, har ma ya fi haka. Ni ban taɓa sanin tsayawar ba ta cikin waƙar ba ce. Duk abin da ya tsara na lanƙwasa shi, sai wurin da huhunsa ya gaza ne kaɗai na kawo daidai.

Celestino ya rufe fuska da hannu ɗaya, kafaɗarsa tana motsi. Da ya samu kansa sai ya yi mini tambayar da na san ita ce ke cin sa tun shigowata. Ya ce, “Ranar da ka fara zuwa, tana nan daidai?” Na so in sassauta masa, amma ban iya ba. Na ce tana nan daidai, da ɗuminta, ko mako biyu ba ta yi a bakina ba. Ya gyaɗa kai ya juya wajen taga. Na tambaye shi ko zai yi rabinsa a kan abin da ya saura. Ya ce ba zai iya ɗora rufi a kan bangon da bai san mai shi ba.

To, me ya rage na Baldo? Faifai biyu da ba a samun su sai a hannun 'yan gwanjo. Gangunan ranar Asabar a Minguettes, waɗanda har yanzu ake bugawa, yaran da ya koyar sun zama su ne malamai, kuma nauyin kiɗansu yana sauka inda ya kamata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina roƙon duk wanda ya wuce zauren nan ya tsaya ya saurara. Amma waƙar da shi da bakinsa ya ce ta fi duk abin da ya yi a Turai, ta tafi. Taurin kansa ya ci rabonsa a ciki, taurin kan abokinsa ya ci nasa, harshena ya ƙarasa sauran. Ina jin haushinsu su biyun, kuma ina kewar Baldo fiye da yadda na yi kewarsa ranar da muka binne shi.

Da na dawo Vénissieux na ba Hadiza labari. Ta ɗauko salularta ta ajiye a gabana, ta ce, “To Malam, yanzu dai ai ka sauke. Ka yi ta a ɗauka, kada ita ma ta bi ka.” Na tura mata abarta. Na ce mata Baldo ya ce kada ta shiga na'ura sai ta cika, kuma ba za ta cika ba.